Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Aikin Jarida Na Jami'o'inmu: Da Wane Harshe Yaran Nan Za Su Ci Abinci?

Zuwa ga shugabannin sassan koyar da aikin jarida da malamansu, a jami'o'in da 'ya'yan Katsina ke karatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni dai ban taɓa tsayawa gaban allo ba. Tsohon ɗan jarida ne a nan birnin Katsina, na fara da saɓa rikoda mai kaset ina bin taro, na ƙare a kujerar editan labarai ta wani gidan rediyo. Abin da ya haɗa ni da ku shi ne yaran da kuke turo mana kowace shekara, wasu domin horon sanin makamar aiki da suke kira Siwes, wasu kuma bayan sun gama sun yi bautar ƙasa, takarda a hannu suna neman gurbi. Ku kuke shuka, mu muke ganin abin da ya tsiro. Na zaɓi in faɗi maganar a bainar jama'a ne domin iyayen yaran su ji, su da ke sayar da hatsi da tumaki suna biyan kuɗin makaranta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata Laraba da yamma, a farkon damina. Saura kamar minti arba'in a shiga labarai, sai mai fassararmu ya bugo waya ya ce babur ɗinsa ya mace a wajen Ƙofar Ƙwaya, yana nan yana turawa. Na waiga ɗakin labarai, ba kowa sai wani ɗalibi ɗan aji uku da aka turo mana, haifaffen cikin gari, yaro mai ladabi, wanda tun zuwansa yake burge mu da Turanci kamar a Landan aka yanke masa cibiya. Na miƙa masa sanarwar da wata ma'aikata ta aiko kan rabon takin zamani, sakin layi uku kacal, na ce ya mayar mini da ita Hausa. Ya zauna, ya ciji bayan biro, ya ciro waya ya lallatsa, ya rubuta, ya goge, ya sake. Bayan minti ashirin ya kawo mini takarda yana zufa.

Jimlar farko ta ce wani babban jami'i ya kaɗa wa rabon taki tuta. Kalmar da Turawa ke nufin ƙaddamarwa da ita ce aka bi ta kai tsaye, tuta ta fito inda babu tuta. Ta biyu ta ce za a sayar da takin a farashin da aka yi wa "sabsidi", alhali ko tsohuwar da ke tuya a bakin titi ta san rangwame, ta san tallafi. Sannan ya jero sunayen "manyan baki" da suka halarta, ba ƙugiya a kan harafin, har na tambaye shi ko bakunan nasu ne manya. Abubuwa uku da manomin Rimi ko Batagarawa ya kasa kunne dominsu, wato nawa ne buhu, ina za a je a karɓa, kuma yaushe, duk suna can ƙasan takarda inda mai sanarwar ya binne su, shi ma ya bar su a binne. A tsaye na gyara, mai karatu na jira a ƙofar situdiyo.

Bayan labarai na zaunar da shi. Ban yi masa faɗa ba, don na ga jikinsa ya riga ya yi sanyi. Na ce, "Ɗana, a makarantar taku ba a ba ku aikin fassara ne?" Ya ce, "Wallahi Baba, tun da na shiga ban taɓa rubuta labari ko guda da Hausa ba." Amma da na taɓo masa ra'ayoyin masanan Amurka kan yadda kafafen yaɗa labarai ke juya tunanin jama'a, sai baki ya buɗe, ya kawo sunaye da shekaru tiryan-tiryan. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Guzuri aka yi masa na wata tafiya daban da wadda zai yi. Kuma irinsa na gani, maza da mata, shekara da shekaru.

Malamai, mu duba inda aikin yake. Yaron da ya gama digiri ya dawo gida, ƙofofin da zai ƙwanƙwasa sanannu ne: rediyon jiha da talabijin ɗinta, Companion FM ta gwamnatin tarayya, NTA, tashoshin FM masu zaman kansu, da jaridun intanet da ke tsirowa kamar ciyawar damina. Tun da dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi, musamman bayan Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, shirye-shiryen da mutanenmu ke rububin ji na Hausa ne, talla ma nan take zuwa. Idan yaron ya ɗaga kai sama kuwa, burinsa BBC ne, ko DW ta Jamus, ko RFI ta Faransa da ta buɗe sashen Hausa a Legas a 2007, ko TRT Afrika ta Turkiyya da ta zo a 2023, ko jaridar Aminiya, ko Arewa24 da ta fara a 2014. A duk waɗannan wurare, abin da zai sa a ɗauki ɗan Katsina a bar ɗan Ibadan shi ne Hausa. Turanci kowa na da shi, akwai ma waɗanda suka fi mu shi nesa ba kusa ba. Jarin da yaronmu ya taso da shi daga ɗakin uwarsa, shi ake bari ya yi tsatsa har shekara huɗu.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu Katsinawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Lokacin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, editanta na farko, Malam Abubakar Imam, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, kuma a Midil ta garin nan yake koyarwa kafin a ɗauke shi. A shekarar ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, shi da abokan aikinsa suka riƙa bayyana wa mutanen da ba su taɓa ganin teku ba yadda ake yaƙi a cikin ruwa da sararin samaniya, da Hausar da za a karanta a zaure kowa ya gane. Ran 13 ga Maris 1957 kuma, da BBC ta buɗe sashen Hausa da shiri na minti 15, muryar da aka fara ji ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce. Waɗannan mutane sun iya Turanci ƙwarai, iyawar ce ma ta ba su damar juya shi ya koma Hausa bai bar wari ba. Don haka kada wani ya ce ina kira a yar da Turanci. Wanda bai fahimci takardar kasafin kuɗi da Turancinta ba, me zai fassara?

Na san amsar da za a ba ni: manhaja daga Abuja take zuwa, hannunmu a ɗaure yake. Da can wannan uzuri ne karɓaɓɓe. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta rarraba tsohon kwas ɗin aikin jarida guda ɗaya da ya haɗiye komai zuwa digiri bakwai, aikin jarida daban, rediyo da talabijin daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban, fim daban, har da sadarwa domin ci gaban al'umma. Sannan a sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a Disambar 2022, ta riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. To, Allah ya gafarta malamai, muhallin namu da wane harshe yake magana? A cikin kashi 30 ɗin nan nake roƙo, ba duka ba ma.

Amma don Allah kada a aro darasi ɗaya na zango guda daga sashen Hausa, a koya musu tarihin Bayajidda da rabe-raben waƙa, a ce an fita haƙƙi. Ilimi ne mai daraja, sai dai ɗakin labarai wani abu yake nema, aiki na hannu irin na ɗan koyo a gaban maƙeri. A ba yaro labari da Turanci, a ɗora agogo a kan tebur, a ce minti goma. Gobe a sake, jibi a sake, har shekara ta zagayo. A nuna masa cewa rubutun rediyo na kunne ne, mai sauraro ba ya komawa baya ya maimaita, saboda haka jimlar da ta fi ƙarfin numfashi ɗaya ta yi tsawo. A koya masa faɗin lissafi da baki, yadda zai ambaci biliyoyi mai sauraro ya kama, da yadda zai bayyana cewa hauhawar farashi ta ragu amma kaya ba su sauko ba, gudun tashin ne kawai ya lafa. Wannan kaɗai na sha ganin ya kayar da manya, a karanta cewa farashi ya faɗi, gobe mutum ya je kasuwa ya tarar da tiyar gero ta ƙara kuɗi, ya ce rediyo ƙarya take. A koya masa ƙa'idar rubutu, ya san "ba shi" daban "bashi" daban, "ga shi" daban "gashi" daban, kada ya rubuta cewa an yi fada a faɗa. Da can kuskuren rubutu a ɗakin labarai yake mutuwa, tunda murya ce ke fita. Yanzu kowace tasha na da shafin Facebook, kuskuren na fita duniya, 'yan firamare na kwafa.

Sai zaɓen kalma, wanda a jiharmu ya wuce batun ado. "Wanda ake zargi" da "wanda aka gurfanar" da "wanda kotu ta samu da laifi" mutum uku ne daban, amma yaro kan haɗa su duka ya ce ɓarawo, ya ɗora hoton mutum, alhali alƙali ko zama bai yi ba. Ya rubuta sunan ƙabila a inda ya kamata ya ce 'yan bindiga, gobe a tare wani bawan Allah da ya kawo awakinsa kasuwa. Waɗannan abubuwa da Hausa suke faruwa, da Hausa kuma ya kamata a yi gwajinsu a aji.

Wani zai ce ai yanzu waya na fassara. Tana yi, ita ce ma ta kaɗa wa takin nan tuta, daga baya yaron ya gaya mini. Ban musa ba injin zai ƙara ƙwarewa, kuma mai fassarar kalma da kalma aikinsa ya kusa tafiya. Wanda zai rage shi ne mai kunnen da zai ji cewa jimlar nan ba daga bakin Bahaushe ta fito ba, ya kuma san wace ce za ta fito.

Akwai wani abu kuma da littattafan da ake koyarwa da su ba su san da shi ba, domin ba don mu aka rubuta su ba. Kirarinmu ne, ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba tsoro ba. Yaron da aka yi wa tarbiyya kada ya haɗa ido da babba, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, shi za a ba makirfo a ce ya je ya tambayi hakimi ina filin makarantar gari ya shiga, ko ya tambayi shugaban ƙaramar hukuma, sa'an mahaifinsa, wataƙila ma amininsa, me ya sa rijiyar burtsatsen da aka ce an gama ba ta ba da ruwa. Na ga iri biyu. Wani kunya ta ɗinke masa baki, ya dawo da rikoda cike da godiya da "Allah ya ja zamani". Wani kuma ya kwaikwayi 'yan jaridar talabijin na Turai, ya tsaya ƙerere yana katse dattijo, aka kore shi, aka kuma rufe mana ƙofar gidan wata da watanni. Tsofaffinmu sun san hanya ta uku. Ka durƙusa, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka ce "Ranka ya daɗe, talakawanka ne ke cewa kaza, muka ce bari mu ji daga bakinka," ka ajiye tambayar da nauyinta ba ka rage mata ko ƙwaya ba. Idan aka kauce, ka bari a gama, ka sake dawo da ita cikin ladabi. Wannan fasaha ce, koyonta ake yi, kuma ana iya gwada ta a aji, malami ya zama hakimi, ɗalibi ya yi tambaya, sauran su yi alƙalanci.

Ku tuna daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kafin a sako yara 344 bayan kwana shida, duniya ta sauka a jihar nan. A kwanakin farko ko adadin yaran ba a daidaita a kai ba, kowa da nasa. Manyan kafafe sun turo wakilai daga Abuja da Legas da ƙetare, kuma da yawansu ba su iya yi wa uwar da ke kuka a ƙofar makaranta tambaya ɗaya sai da tafinta. Yaranmu ne suka yi tafintan, suka nuna hanya, suka nemo lambobin waya, aka sallame su da na shan ruwa, sunan wani ya fita a kan rahoton. Ban ga laifin baƙin ba, aikinsu suka yi. Tambayata ita ce me ya hana yaronmu, da ya san garin ya san harshen, ya zama shi ne mai rahoton da za a saya. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro. Nan aka gane wa ya iya aikin ƙafa. Wanda duk aikin jaridarsa kwafe ne daga WhatsApp ya zauna zugum. Wanda ya san direbobin tasha, da 'yan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye, da wani ma'aikacin asibiti da ya yarda da shi, shi ya ci gaba da kawo labari. A wane darasi ake koya wa yaro yadda zai tabbatar da adadin waɗanda aka kashe a ƙauyen da ba zai iya zuwa ba, daga majiya biyu da ba su san juna ba? Ko yadda zai yi hira da matar da aka sako daga daji ba tare da ya tona mata asiri ba? Ko ya gane lokacin da labari bai kai ransa ba, ya juyo gida? Har cibiyar tantance labarai da aka kafa a 2018 sunan Hausa ta ɗauka, Dubawa, kuma ji-ta-ji-tar da ta fi yi mana ɓarna saƙon murya ne na Hausa da ke yawo daga waya zuwa waya. Mai bin diddiginsa sai ya ji harshen har ya iya cewa wannan karin ba na yankin da ake faɗa ba ne.

Yanzu bari in zo kan maganar da ba a so, ta kuɗi. Wata ɗaliba da aka turo mana ta bi wakilinmu wani taron manema labarai. Da suka dawo ta shigo ofishina, ta rufe ƙofa, ta ajiye ambulan a kan tebur kamar wadda ta tsinci kunama. Ta ce, "Baba, wai kuɗin mota ne. Amma ai da motar ofis muka je." A aji an gaya mata cewa karɓar na goro ya saɓa wa ƙa'idar aiki, layi ɗaya a littafi, ta haddace ta ci jarrabawa. Ba a gaya mata cewa wasu daga cikin waɗanda suka yi layi tare da ita sun yi watanni ba su ga albashi ba, ko abin da za ta ce idan ta ƙi karɓa sauran suka ɗauke ta mai girman kai. Na yi shiru na ɗan lokaci, domin ni ma a shekarun farko na karɓa, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na gaya mata shi ne abin da na gano a makare: labarin yau ai ko ba a ba ka komai ba za ka rubuta shi, na gobe ake saye, ranar da mai ambulan zai yi abin kunya ka ji biro ya yi maka nauyi.

Ku gaya musu gaskiyar sana'ar tun suna aji ɗaya. Akwai gidajen da ke ba yaro katin shaida su ce ga gonarka nan. Akwai masu biyan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, akwai masu cewa ya nemo talla a ba shi kamasho. Tashoshi da dama da kuɗin filin da sojojin baka ke saye suke sayen man janareta, kuma ɗan jaridar da ke riƙe musu makirfo shi zai fara shiga uku idan aka zagi wanda ba ya yafiya. Manyan wuraren da ake buri ma ba su da tabbas. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, sashen Hausa da ke magana tun 1979 ya yi tsit dare ɗaya.

Da yawa daga cikin ɗalibanku ba za su tsufa a ɗakin labarai ba, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Wasu za su zama jami'an hulɗa da jama'a a ma'aikatu da bankuna, wasu jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi, wasu su shiga ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan rigakafi da tamowa da karatun 'ya'ya mata, wasu talla, wasu fim, wasu koyarwa. Duk halal ne, kuma a nan ma saƙon da zai sa maigida ya fito da 'ya'yansa a ɗiga musu maganin shan-inna ba da Turanci ake tsara shi ba. Inda nake jin tsoro shi ne wanda ke son ya zama abu biyu lokaci guda, da safe wakilin jarida, da yamma yaron wani ɗan siyasa da ake saya wa data yana zagin sa'o'in ubansa a Facebook. Mai magana da yawun wani sana'a ce mai mutunci idan an yi ta a fili. A nuna musu inda iyakar take, su zaɓi gefe ɗaya su tsaya. Tunda kuma da yawansu shafin kansu za su buɗe, a koya musu yadda ake yi wa kamfani rajista, yadda ake yanka wa talla farashi, da yadda YouTube ke biyan kuɗi, don yaron da ya san inda abincinsa zai fito ya fi iya kallon ambulan ya wuce.

Doka ma haka. Ɗalibanku sun san dokar soja mai lamba 4 ta 1984 da aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita, sun san an kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a 1986. Ya kamata su sani. Amma abin da zai kai su caji ofis a yau shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da kuma ɓata suna, wanda a dokar Final Kod ta Arewa laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. A gefe guda ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya, tana nan kwance kamar gatarin da ba a wasa ba. Da za a sa kowane ɗalibi ya rubuta takardar neman bayani guda ɗaya kafin ya gama, ya yi ta bin ta daga ofis zuwa ofis, ko a amsa ko a ƙi ya rubuta abin da ya faru, da ya fi amfana da ita a kan kundin kammala karatun da ni da ku mun san yadda wasu ke haɗa shi a shagon kwamfuta.

'Yan matan da ke ajinku kuwa, ku ba su labarin Hajiya Bilkisu Yusuf, da ta yi editar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, Allah ya karɓi ranta a Mina a 2015. Ku gaya musu, ku gaya wa iyayensu, akwai rabin labarin garin nan da ke bayan zaure, inda namiji ba ya shiga.

Na san halin da kuke ciki. Na san yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, na san aji mai cika har a tsaya a taga, da kuɗin wuta, da situdiyon da ba a kunnawa sai ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Mu ma da namu laifin, kada ku ce na wanke kaina. Sau nawa muka mayar da ɗan Siwes ɗan aike, ya sayo ƙosai, ya kai takarda, ƙarshen wata mu sa masa hannu a littafi kamar ya koyi wani abu? Shi ya sa abin da nake roƙo bai buƙatar gini ko janareta. Biro ne da takarda da agogo, sai wayar da ke aljihun kowane yaro, a sa ya saukar da madannan da ke da ƙ da ɗ da ɓ, ya ɗauki murya da ita, ya tace, ya kawo rahoton minti biyu daga kasuwa ko kotu kowane mako.

Yaron nan na taki ya ƙarasa watanninsa a wurinmu. Kullum da ya zo sai in ba shi labari in ɗora agogo. Sati na farko kuka kawai bai yi ba. Kafin ya tafi, shi ya fassara mana wani hukuncin kotu mai sarƙaƙiya kan rikicin gona, mai karatu ya karanta bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya bugo waya yana tambayar me ake nufi.

A garin nan akwai tsofaffin masu fassara da masu karanta labarai da suka yi ritaya, suna zaune a majalisa bayan la'asar suna gyara wa rediyo Hausa ba mai jin su. Ba su da digiri na biyu, ƙa'idar ɗaukar malami ba za ta bar su ba, amma ba ta hana a gayyaci baƙo ya zauna da ɗalibai sau ɗaya a mako ba. Na yi magana da uku daga cikinsu sun yarda, ni ne na huɗu. Idan kun amince ku aiko, ku faɗi rana da aji. Kuɗin motar ma ku bar shi, muna da babura, sai dai a taya mu addu'a kada su mace a Ƙofar Ƙwaya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon editan labarai,
Katsina.